Kuloci a Tsakar Gida

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yin kuskure ba. Ni ce shaida, don na zauna da shi shekara talatin da ɗoriya. In ya ɓace hanya, titin aka karkatar. In ya makara ofis, agogo ne ya yi gaggawa. Saboda haka ranar da motarmu ta fara wari kamar ana babbakar kai a hanyar Konduga, tun kafin a gano mai laifi na san ba shi ba ne.

Lokacin muna zaune a Ajilari, a shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Shi akawu ne a wata ma'aikata, ni kuma ina koyar da 'yan aji uku a firamare. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, wadda ya saya hannun wani ɗan kwangila bayan mutumin ya gama tatse ta. Duk ƙarshen wata mukan kai wa Inna, mahaifiyata, sabulu da kananzir a Konduga, mu dawo da gero da wake, don ita ta rantse ba za ta bar gonarta ta zauna a gari ba. Baba, mahaifina, shi ne ke cikin gari, yana dillancin shanu tun da ya ajiye sandar kiwo, sai ranar Juma'a yake leƙa gida.

A wannan dawowar, in maigida ya taka totur sai injin ya yi ruri kamar bijimi, motar kuwa tana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Wani mai keke ɗauke da dami biyu na itace ya wuce mu, har ya waiwayo ya yi mana sannu. Da ƙyar muka lallaɓa zuwa wurin wani tsohon bakanike da ke aiki ƙarƙashin darbejiya kusa da tashar Bama.

Tsohon bai ko buɗe gaban motar ba. Ya shinshina, ya shiga, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci. Injin da ya kamata ya mutu nan take ya ci gaba da waƙarsa. Ya fito ya tofar da tukar goro.

"Filet ɗin kuloci ya cinye," in ji shi. Sannan ya dubi takalmin maigida na hagu. "Malam, in ka gama sa giya, ina kake ajiye ƙafar nan?"

"Inda kowa yake ajiye tasa."

"A'a. A kan kuloci kake hutar da ita. Ai ba matashin kai ba ne."

Akwai direbobi uku zaune kan benci, ga ni kuma cikin mota da lafaya ina kallon wani wuri. Maigida ya ce, "Wushe da aiki," wato sannu da aiki, ya shiga ya tayar. Sai da muka yi nisa ya ce mutumin da bai san ko baƙi ɗaya ba ne zai koya masa tuƙi. Robar da ke kan matakin kulocin ta daɗe da sulɓewa har ƙarfe yana ƙyalli, amma wataƙila iska ce ta goge ta.

Kwana biyu bayan haka ya dawo daga ofis da littafi. Na Turanci ne, mai hotuna, wani abokin aikinsa ya ara masa. Da na duba bangon na ce masa ai wannan motar ba irin tamu ba ce.

"Malama, duk mota mota ce. Wanda ya iya karatu ba abin da zai gagare shi. Asabar da Lahadi sun isa."

Ya sayo sabon filet da boris a shagon wani Ibo mai sayar da kayan mota, mutumin da ya daɗe a Maiduguri har in ya yi fushi da Barbarci yake faɗa. Na san shi, don 'yarsa tana ajina. Aka kwance zanar gidanmu ta gefen gabas, maigida ya haƙa rami a tsakar gida daidai inda nake shanya, aka turo motar bisa ramin, aka ɗaga ta kan bulo. Tun daga ranar duk mai zuwa banɗaki a gidanmu sai ya zagaya mota.

Asabar ta farko ta ƙare a kan farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Littafin ya ce a kwance noti huɗu a zare. Bai ce notin sun yi shekara goma suna shan yashin Borno ba. Bai kuma ce a fara tsiyaye man giyabos ba, ko kuwa ya ce a shafin da maigida ya tsallake saboda ya riga ya sani. Da ya zare farfelar, man ya kwararo masa tun daga goshi har ƙirji. Ya leƙo daga ramin baƙi ƙirin, ya ce dama haka ake yi, a kawo masa roba. Na miƙa masa robar wankina, kuma daga nan ba ta sake ganin tufafi ba.

Saukar da giyabos shi ne babban aiki, don ya kai nauyin tunkiya mai ciki, kuma maigida ya ce ba zai kira kowa ba, kada labari ya kai kunnen tsohon nan na tashar Bama. Gaskiya a nan ya yi dabara, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya cire sandar giya, ya gitta taɓaryata a cikin motar, ya zura igiya ta ramin da sandar ta bari ya ɗaure giyabos ɗin. Ni aka zaunar a kujerar direba riƙe da igiya, ina sassautawa in an ce sassauta. Wannan ne karo na farko da na zauna a kujerar, kuma motar ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Giyabos ya sauka lafiya. Aka rasa inda za a ajiye shi kada yashi ya shiga, sai aka kifa turmina aka ɗora shi. Na shiga aron turmi a maƙwabta, suna tambayata ko nawa ya tsage, ina cewa a'a, ya samu aikin gwamnati.

Da zai ciro tsohon filet ina tsugune bakin ramin ina haska masa tocila. Abin kamar faifai yake, gefe ɗaya a shafe, ɗaya gefen da tozo a tsakiya. Na ga da idona tozon yana kallon baya, wajen giyabos. Ba don ina son ilmin na gani ba, ba inda zan kalla ne.

Asabar da Lahadin nan suka haifi wasu. Ofis ya tura shi rangadi na mako guda. Ya dawo ya gano sifanar da yake bukata babu ita, ya yi kwanaki yana neman aro a wurin mutanen da ba su san bakaniken ba. Kazata ta gwada ta ga bayan motar ya fi akurki iska, ta fara ƙwai a ciki.

Ana cikin haka Baba ya zo. Ranar Asabar ce da hantsi, maigida yana cikin rami daga shi sai singileti da gajeren wando. Shi kuwa mutum ne da ko ruwa ba ya sha gaban surukinsa, ba ya gaishe shi sai da babbar riga da hula. Ya ji sallama, ya lafe. Baba ya zagaya motar, ya ga giyabos kan turmi, ya ga ƙafafu biyu a ƙasa. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa.

"Barka da zuwa, Baba," in ji murya daga ƙarƙashin mota. "An zo lafiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Kada ka taso, yi aikinka."

Baba ya nemi shayi. Ya sha kofi na farko, ya sha na biyu, ya ce a sake ɗora na uku. Ya ba ni labarin wata saniya da aka kawo daga Dusuman, tun daga kakarta. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya zama gidan 'yarsa fiye da gaisuwa, amma ran nan sai da rana ta take tsaka. A ƙasa maigida yana ta ƙwanƙwasa ƙarfe jefi-jefi don a san ana aiki. Da Baba zai tafi ya sunkuya ya ce wa ƙafafun, "Mu a da, in saniya ta kwanta, mai ita ba ya kwanciya ƙarƙashinta. Amma zamani ya zo da ilmi. Allah ya ba da sa'a."

Ranar ɗaura sabon filet, littafin ya ce ana bukatar wani ƙarfe na musamman da zai riƙe shi daidai tsakiya kafin a ɗaure murfinsa. Ba mu da shi. Maigida ya shiga kicin ya fito da muciyata, wadda Inna ta ba ni, ya zauna ya fere ta da wuƙa har ta zama kamar fensir. Sannan ya ɗauki filet ya kafa, tozo yana kallon injin.

"Malam," na ce, "kamar tsohon da ka ciro bayansa ne ke nan wajen. Tozon baya yake kallo."

Ya juyo ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mara lafiya. "Malama, wannan ba alli da allo ba ne. Haska nan."

Na haska. Mayar da giyabos ya ci mana yini biyu, ni ina ja, shi yana turawa da gwiwa yana kiran sunayen Allah da wasu sunayen da ba na Allah ba. Da aka gama ya yi wanka, ya sa farar riga, ya sanar da maƙwabta. Maza huɗu suka tsaya a inda zana take a da. Aka sauke motar daga bulo. Ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya, mutane suka ce madalla. Ya taka kuloci har ƙasa, ya kai hannu ga giya ta ɗaya. Ƙarar da ta fito, ko injin markaɗe da aka jefa wa cokali bai kai ta ba. Ya gwada ta biyu, ya gwada ribas. Kowace ta amsa masa da murya ɗaya. Maƙwabta suka tuna suna da alwala.

Ya kashe motar. Ni kuma na ba shi lokaci, don ina son in ga a kan wa laifin zai faɗa. Ba a daɗe ba.

"Jabu ya sayar mini," in ji shi. "Zan ciro in kai masa har shago, in jefa masa gaban mutane."

Kafin Asabar ta zagayo ruwan farko ya sauka, irin wanda ke zuwa da iska ya tafi da kwanon rufi. Ramin ya cika, muka kwashe da bokiti, washegari ya sake tarawa. Na ce a bari ƙasa ta bushe. Ya ce ƙasar Maiduguri yashi ce, ba ta riƙe ruwa, ya karanta. Aka sake ɗaga mota kan bulo, na sake hawa kujerar direba da igiyata.

Giyabos ya rabu da injin ke nan, nauyinsa duka ya dawo hannuna, sai na ji motar ta yi ajiyar zuciya ta karkata hagu. Bulon gefen ya nutse cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Taɓaryar ta zame, igiyar ta fizge ta cikin tafin hannuna, na ji wani abu ya bugu a ƙasa, na ji maigida ya yi wani sauti da ban taɓa jin ya yi ba. Daga nan shiru.

Ban san lokacin da na naɗe igiyar a damtsena na dafe ƙafa biyu a jikin ƙofa ba. Ina kiransa, ba da Malam ba, da sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Abin da ya zo mini a rai shi ne in na saki ya mutu, in ban saki ba ba mai zuwa ya duba shi. Fatar hannuna ta saɓule, ban ji ba sai daga baya. Can ya ce, a hankali, "Riƙe. Kada ki saki. Ina fitowa." Ya jawo jiki ya fito ta baya, taɓo har gira, hannun dama yana reto. Sai da na ga duk jikinsa a waje na saki, giyabos ya faɗa cikin taɓo. Na sauko na nufe shi. Kafaɗarsa ce ta goce. Da bugun ya matsa taƙi ɗaya, a ƙirji zai same shi.

Mai ɗori ya zo ya mayar da ita. Da zafin ya lafa, maigida ya bayyana mini cewa masu buga bulo na yanzu ba sa tsoron Allah.

Ran Litinin da aka tashi makaranta ban nufi gida ba. Na naɗe tsohon filet a jarida na tafi shagon Ibon nan, hannuwana duka biyu ɗaure da tsumma. Na ajiye masa kan kanta na ce ya gaya mini ina tozon yake kallo.

"Baya, Malama. Wajen giyabos. Me ya samu hannunki?"

Na gaya masa komai, har da shirin da ake yi na zuwa a jefa masa kaya gaban mutane. Ya yi dariya har ya dafa kanta, amma da na kai kan bulo ya daina. Ya ce kafin ya buɗe shago ya yi shekaru yana kanikanci, in bari sai Lahadi.

Ya zo bayan an tashi coci, da kwat da takalmi mai ƙyalli. Baba yana nan, ya zo dubiya da kwalbar man shanu ta shafa wa kafaɗa. Maigida yana kan kujera, wannan karon cikin babbar riga, hannu rataye a wuya. Ganin Ibon ya sa ya gyara zama, ya fara jawabin da ya yi kwana da kwanaki yana shiryawa a kan amana da kayan jabu. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Sannan ya cire kwat ya ba ni, ya shimfiɗa katako a ramin, ya sa kututture biyu ya tokare motar, ya shiga. Ba a jima ba ya fito da sabon filet. A kan tozon akwai zane fari tas, inda ya yi ta gugar kawunan noti.

Ya dubi zanen. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi maigida da hannunsa a rataye. Ni na riga na gyara tsayuwa, don mako bakwai nake jiran wannan lokacin.

"Oga, laifina ne," in ji shi. "Wannan sabon samfuri ne, juya shi ake yi. Ya kamata in gaya maka ranar da ka saya, na manta."

Maigida ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Ai na faɗa akwai magana."

Na ce na ji. Na shiga ɗaki na rataye kwat ɗin.

Aikin da ya ci mako bakwai ya ƙare tsakanin azahar da la'asar. Ibon ya wanke giyabos da kananzir, ya juya filet, ya ɗauki feƙaƙƙiyar muciyar ya jujjuya ta ya ce wanda ya yi wannan yana da kai. Wannan kalmar maigida ya riƙe ta har ƙarshen ransa. Baba ya tuɓe rawani ya karɓi igiya, ya yi mata ɗaurin da ake kayar da bijimi da shi, ya ja da hannu ɗaya. Maigida yana kan kujera da littafi a cinya yana karanto musu abin da za su yi bayan sun riga sun yi. Da aka tayar, giya ta shiga kamar cokali a kunu. Ibon ya zagaya unguwa da ita ya dawo, ya wanke hannu, ya ci burabisko, ya ƙi karɓar komai.

Na raka Baba bakin hanya. Shi da ya yi shekaru yana shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ba a koya masa gane magana mai kwalliya. Ya gyara rawaninsa ya ce mini da Larabcinmu na gida, "Mutumin nan, da shanu yake sayarwa da mun bar masa kasuwa."

Bayan kwanaki na haɗu da Ibon a ƙofar makaranta ya zo ɗaukar 'yarsa. Ban ɓoye masa ba, na ce ya cuce ni, ni ce na faɗi gaskiya tun farko kuma ya bar ni a matsayin wadda ba ta san komai ba.

"Malama, ke kin sani, ni na sani, Baba ya sani," in ji shi. "Saura mutum ɗaya. In na gaya masa gaban surukinsa, ni zan tafi gidana. Ke fa?"

Har yau haushin bai gama fita ba.

A ofis labarin ya zama cewa maigida ya sauke giyabos shi kaɗai, ya kama kuskuren masu ƙera kayan mota, har mai shago ya zo gida ya ba shi haƙuri. Mutane suka fara kawo masa tambaya a kan motocinsu, yana ba da fatawa. Allah ya rufa asiri ba wanda ya kawo motar kanta.

Mun yi shekara biyu da ita bayan haka, sannan ya samu ƙaramar mota ya sa wannan a kasuwa. Wanda ya zo saye wani mai fataucin banda ne daga Baga, dogo, ba ya son magana. Maigida ya zaunar da shi a zaure ya ɗauko tarihin kulocin tun daga farko, ya nuna masa kafaɗa, ya zana masa filet a ƙasa da tsinke, ya ce duk garin nan ba motar da aka yi wa irin wannan aiki. Ina jin su daga ciki, har na gama tankaɗe na ɗora tukunya. Mutumin ya jira ya kai aya, sannan ya tambaya ko hon yana yi. Aka ce yana yi. Ya fita ya danna sau biyu, ya ce ya saya.